Yadda Malam Sale Ya Koyi Yi Wa Sa Sannu

Ran nan ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidana, wasu samari suka tsaya kusa da ni suna gyaran babur. Sai na ji ɗayansu yana cewa wai duk sana'o'in garin nan babu mai sauƙi kamar tawa. Wai mene ne abin wahala a koya wa sa huɗa? Ka ɗora masa karkiya, ka tsula masa bulala, in yana son kansa da lafiya ya tafi. Sauran suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don yaron da ya faɗi maganar na san shi, ko akuyar uwarsa ba ta zuwa in ya kira ta. To tunda ni Haladu ban iya haɗiye magana ba, ga labarin sana'ar nan, ku karanta, in kun gama sai ku je ku nemo bulalar.

Mu fara da kayan aiki, don a nan samari suka fi yin kuskure. Karkiya ce babba, wato itacen da ake ɗora wa shanu biyu a wuya, kuma ban taɓa ɗora wadda ban goga a kumatuna ba, domin in ta karce ni za ta karce su. Sai igiyar hanci, ta rama, wadda aka murza da laushi. Sai gungumen da suke fara ja kafin su ga garma. Sai takunkumi, don kada ɗalibi ya cinye gonar mutane yana tsakiyar karatu. Sai ɗan guntun kanwa a aljihu, wanda ya fi duk sauran yin aiki. Tsumagiya kuwa ina da ita, ba zan ɓoye muku ba, amma ƙudaje suka fi shan ta.

Ranar da mahaifina ya kai ni koyon sana'ar nan wurin Baba Tanko, a wani ƙauye gabas da Minjibir, da sabuwar bulala na tafi, ina kaɗa ta a hanya kamar wanda aka ba sarauta. Baba Tanko ya karɓa, ya jujjuya ta, ya yaba da saƙarta, sannan ya ɗaure ƙofar akurkin kajinsa da ita. Ya ja ni gaban wani jan bijimi da ke ɗaure a turke.

"Zauna nan ka dube shi," ya ce. "In ya yi magana ka zo ka faɗa mini."

Na zauna. Bijimi yana tuƙa, ni ina hamma. Da yamma Baba Tanko ya ce, "Me ya ce?"

"Baba, ai sa ba ya magana."

"To kai ne kurma. Gobe ka koma."

Haka na kusa cinye rani ina kallon fuskar sa, har yaran gari suka fara tambayata yaushe ne ɗaurin auren. Sai wata rana na ga ya daina tuƙa, kunnensa ɗaya ya juya baya, jelarsa ta tsaya cak. Na waiga, ashe mai shi ne, wani Malam Iro, yake tahowa tun daga nesa. Da ya tafi, bijimin ya saki numfashi ya ci gaba da tuƙarsa. Na ruga da gudu har ina tuntuɓe.

"Baba! Ya yi magana! Ya ce ba ya son Malam Iro!"

"Madalla," in ji Baba Tanko. "Duk garin nan ba mai son Malam Iro, amma shi kaɗai ya iya faɗa."

Daga nan ne karatuna ya fara. Baba Tanko ba ya haɗa sabon sa da sabo, sai ya nemo tsoho mai sanyin hali ya haɗa su a karkiya ɗaya. Ba ya koyar da sa mai jin yunwa, ba ya koyar da wanda ya tsorata. Yakan ce in ran sa a ɓace yake, duk abin da ka koya masa ranar ba zai riƙe komai ba sai tsoronka. Kuma kafin ya dubi dabba, mai ita yake fara duba: yadda yake tafiya, yadda yake riƙe igiya, da yadda sa yake yi da kunne in ya yi tari.

Masu kawo shanu kuwa kowa da irin ƙaryarsa. Wani ya taɓa kawo mini baƙin bijimi yana rantsuwa cewa ya fi tunkiya haƙuri, alhali bayan rigarsa a yage yake, kuma da na ba shi tabarma a gefe ɗaya ya zauna. Wani zai kawo maka sa da safe, ya dawo da la'asar ya tambaya ko ya sauke. Wani kuma zai tsaya a kanka yana koya maka aikinka har rana ta take. Duk waɗannan ba a yi musu gardama. Ka gane abin da yake damun mutum, ko tsoro ne, ko gaggawa, ko son a ce ya sani, ka ba shi ɗan abin da zai riƙe, kamar igiyar da ba a ɗaure da komai ba, sai ka samu ka yi aikinka.

Sai shekarun fari suka zo. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya kwanta. Aka koma cin ganyen tafasa da yaɗiya, aka yi ta kallon gabas har wuya ya gaji. A ƙasarmu gona tana jikin gona, babu dajin da za ka kora dabba ta nemi abinci, saboda haka duk wanda rumbunsa ya ƙare, turkensa ma ya ƙare. Shanu suka yi ta tafiya kasuwa ƙashi da fata. Ni aikina ya tsaya cik. A duk tsawon lokacin mutum ɗaya ne ya zo nemana, shi ma jaki ya kawo da wata tsohuwar saniya wai in haɗa masa su a karkiya. Na gwada don kada ya ce na raina shi. Jakin ya yi yamma, saniyar ta yi gabas, karkiyar ta rage a hannunmu. Abin da na iya tsirarwa shi ne tsohon bijimina, Dattijo, shi ma da taimakon 'ya'yan gawo da roƙon Allah.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa ya zo ne a daminar da ruwa ya dawo. Maƙwabcina ne, Malam Sale, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ƙaton mutum ne, ba mugu ba, sai dai Allah ya ba shi murya bai ba shi wurin rage ta ba. In ya yi sallama a ƙofar gida kaji watsewa suke yi. Kuma yana da wata ɗabi'a: in ya yi tambaya, shi yake amsa abarsa. Zai tare ka a hanya ya ce, "Kun kwana lafiya? Lafiya! Ya iyali? Lafiya! Madalla!" Kafin ka buɗe baki ya kai bakin masallaci. Mutum zai iya kwana da zazzaɓi ya gaisa da Malam Sale, ya koma gida an tabbatar masa lafiyarsa ƙalau.

Fari ya ci shanun huɗarsa biyu, ɗaya kasuwa ɗaya mutuwa. Abin da ya rage masa wani ɗan bijimi ne da bai taɓa ganin garma ba, wanda ya sa wa suna Barde. Da abin ya yi tsanani Malam Sale ya tafi birni yin dako, ya bar matarsa Talatu da 'yan matansu ƙanana da bijimin. Ya daɗe. Da hadari ya fara haɗowa ya dawo, bayansa ya ranƙwafe saboda buhunan mutane, ko fartanya ba ya iya yini da ita. Ya tarar da Barde a raye, har da ɗan nama a jikinsa, a lokacin da shanun gari suka zama kamar an jingina kara. Ya fito ƙofar gida ya sanar da unguwa dalili.

"Jinin shanuna ne! Jinin shanuna mai ƙarfi ne!"

Ruwan shuka ya sauka. Malam Sale yana da irin gyaɗa da na dawa a tulu ɗaya da aka liƙe bakinsa da laka, shi ne ƙarshen abin da gidan ya mallaka. Ya zo ya same ni.

"Haladu! Za ka koya wa Barde huɗa? Za ka koya! Da Dattijonka za a haɗa? Da shi! Madalla!"

Na huda hancin Barde, na bari ya warke, na kai shi gona. Abin da ya fara ba ni mamaki, ko gardama bai yi ba da aka ɗora masa karkiya. Ya tsaya kusa da Dattijo kamar sun daɗe da sanin juna. Na ce a raina yau aiki ya zo da sauƙi. Na ja igiya, Dattijo ya ɗaga ƙafa, Barde ko gezau. Na nuna masa kanwa, ya lashe, ya gode, ya tsaya. Na duba shi da kyau. Ba tsoro ba ne, don jelarsa tana kaɗawa. Ba ciwo ba ne. Kunnuwansa biyu dai suna fuskantar gida.

"Barde! Tafi!" in ji Malam Sale.

Tsuntsayen da ke kan gawo suka tashi. Barde ya dube shi, ya naɗe ƙafafun gaba, ya naɗe na baya, ya kwanta a tsakiyar gona ya fara tuƙa. Dattijo, da yake karkiya ɗaya ta haɗa su, dole ya karkatar da wuya, yana hararata ta gefen ido kamar mai cewa da girmana ka kawo ni nan.

Haka muka yi ta yi, kullum mu fita, kullum Barde ya kwanta. Gonakin maƙwabta suka yi baƙi da sabuwar huɗa, ta Malam Sale tana nan fara fat. Sai wani mahauci, Ɗanladi, ya fara biyowa ta gefen gonar, wai hanya ce ta kawo shi, alhali hanyar ba ta zuwa ko'ina. Yakan tsaya ya gaida mu, ya gaida Barde fiye da mu, ya ɗan matsa cinyarsa yana gyaɗa kai. Ran da haƙurin Malam Sale ya ƙare, a gaban Ɗanladi ya yanke magana.

"In kasuwar Zakirai ta ci bai ja garma ba, Ɗanladi ka zo da igiyarka! In sayi hatsi mu ci! Gonar ta kwana!"

Ni kuwa na san abin da hakan yake nufi. Hatsin da za a saya da sa ɗaya ba zai kai su kaka ba. In ya ƙare za a fasa tulu a ci iri. Daga nan babu sa, babu iri, babu bayan da zai koma dako, ga 'yan mata ƙanana. Duk wannan yana rataye a wuyan wani bijimi da ke kwance yana tuƙa hankalinsa kwance.

Abin da na lura da shi, in muka doshi gida Barde sauri yake yi, har yana jan Dattijo. Saboda haka wata rana da muka dawo na ce wa Malam Sale ƙafata tana ciwo, na zauna a zaurensa, shi ya wuce masallaci. Can sai na ji muryar mace daga cikin gida, ƙasa-ƙasa.

"Auta, ka dawo? Sun wahalar da kai ko?"

Shiru. Shirun ya ɗan ja. Sai na ji bijimin ya saki wani dogon huci.

"Na ji. To taho."

Sai ƙarar kofato, tiɓis tiɓis, yana bin ta.

Na tura maiɗakina Asabe ta je ta jiyo mini. Ta dawo tana dariya har tana riƙe ciki. Ashe duk tsawon farin nan Talatu ce ta riƙe shi da hannunta, kuma da yake ba ta da abokin hira sai 'yan yara, shi take zama ta yi wa magana. Bijimin nan bin ta yake yi a tsakar gida kamar kyanwa, har ƙofar madafa. In tana daka yana tsaye a bayanta. Sunan Barde kuwa bai taɓa jin labarinsa ba, shi Auta ya sani.

Yanzu saura faɗa wa Malam Sale, kuma nan ne sana'a take. Ba a tarar mutum irinsa a ce masa sanka ba ya jin maganarka, ta matarka yake ji. Na bari sai da ya ci abinci, ya sha ruwa, ya yi gyatsa. Na fara da yabon bijimin, na yabi jininsa kamar yadda yake so, sannan na ce da alama ya saba da murya ɗaya ne a lokacin da Malam ba ya nan.

"Muryar wa? Ta Talatu! To a kawo ta gona? Ba za a kawo ba!"

Na san haka zai ce. Matan gidansu ba sa fita gona, kuma ko da za ta fita, ba za ta yini tana gaban garma ta bar yara ba. Sai muka shiga dabaru. Talatu tana yin daddawa, na ce wataƙila ƙanshinta yake bi. Muka shafe rigar Malam Sale da daddawa tun daga wuya har ƙasa. Barde ya shinshina, ya lasa, ya cinye aljihun gaba, ya kwanta. Karnukan unguwa kuwa suka raka Malam Sale har ƙofar masallaci, kuma a sahu an bar masa fili dama da hagu kamar mai sarauta.

Washegari muka aro zanenta. Malam Sale ya duba gabas ya duba yamma, ya yafa shi a ka, ya shiga gaban shanu yana ɗan rausaya. Wallahi Barde ya ɗaga ƙafa. Ya taka, ya ƙara takawa, garma ta fara cin ƙasa. Murna ta kama Malam Sale, ya manta da kansa.

"Yauwa! Ka ga ɗan halak!"

Barde ya tsaya, ya leƙa ƙarƙashin zanen, ya ga gemu, ya kwanta. Daga bayan gawo muka ji Ɗanladi mahauci yana tari irin na wanda dariya ta shaƙe.

Kasuwa tana matsowa, danshi yana janyewa daga ƙasa. Na ce, "Malam, saura abu ɗaya. Sai dai ka koyi yadda take yi masa magana, kuma ita za ta koya maka."

Ya daɗe yana kallona. Wannan ne karo na farko da na ga bai yi tambaya ba, balle ya amsa abarsa.

Bayan azahar aka buɗe makaranta. Ni ina zaure, Talatu tana daga bayan zana, bijimin yana turke, Malam Sale yana tsaye a gabansa kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

"Malam, ka fara ce masa sannu," in ji Talatu.

"Sannu!"

Kaji suka haye danga. Wata 'yar tasa ta fashe da kuka.

"A hankali, Malam. Kamar ka je duba mara lafiya."

"Yo ai haka nake yi wa marasa lafiyar!"

Gaskiya ya faɗa. A garinmu akwai waɗanda suka warke don kawai kada ya dawo dubiya ta biyu. Talatu ta kasa daurewa, dariya ta kuɓuce mata. Nan take na ga jijiyar wuyan Malam Sale ta miƙe, kafaɗunsa suka ɗaga, ya juya ya fice ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Ni kuwa na san wannan tsayuwar kafaɗa, na sha ganin ta a turke. Ba fushi ba ne, kunya ce ta sa rigar fushi. Mutumin da ya saba a ji tsoron muryarsa, yau an ce ya ajiye ta a gaban matarsa da 'ya'yansa da maƙwabcinsa.

Na aika Asabe ta roƙi Talatu kada ta ƙara dariya ko da za ta ciji zane, kuma a kai yaran gidanmu. Na lallaso Malam Sale ya dawo. Da muka shiga zaure na shimfiɗa buzu, na ce rana ta buge ni, na juya baya na fara minshari. Minsharin ƙarya aiki ne mai wuya, amma yana cikin kayan sana'a.

Da ya tabbata babu mai jin sa, sai na ji wata murya ta fito daga ƙaton mutumin nan, siririya, tana rawa, kamar ta tsohuwa mai mura.

"Auta. Ka gaji ko? Ka gaji! To taho!"

Babu ƙarar kofato.

"Malam," in ji Talatu a hankali, "muryar ta yi. Amma ka tambaye shi, kuma kai ka amsa. Ka bari shi ya amsa mana."

"Ke, sa ne fa!"

"Na sani. Ka dai jira."

"In jira me?"

"Ka jira kawai, Malam."

Ya sake tambaya. Sai shiru. Ina jin tun da aka gina gidan nan ba a taɓa yin shiru irin wannan ba Malam Sale yana ciki. Har na manta da minsharina. Can sai bijimin ya saki hucinsa, fuuu.

"To yanzu ka ce masa ka ji."

"Na ji," in ji Malam Sale. "Taho."

Tiɓis, tiɓis. Dariya da murna suka taho mini tare, na mayar da su tari, na ci gaba da barci.

Ranar jajiberin kasuwa muka fita gona. Ban san wanda ya kai labari ba, ko da yake ina zargin wata mata da nake aure, amma mun tarar da rabin gari a kan iyakar gona. Har da masu ɗauke da yara a kafaɗa. Ɗanladi yana gaba da igiyarsa a naɗe. Na ɗora karkiya, na ɗaura garma, na dubi Malam Sale. Kafaɗun nan sun ɗaga. Na san in aka bar shi haka, zai gwammace ya rasa sa da gona da iri a kan ya yi muryar tsohuwa a gaban jama'a.

Mutanen nan dariya suka zo yi, kuma ba za su tafi ba sai sun yi. Sai na ce bari su yi ta a kaina. Na durƙusa a gaban Dattijo, na rungume wuyansa, na ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Dattijona, ɗan lelena, farin cikin raina! Ka yi barci da kyau? Sauro bai cije ka ba? Wa ya taɓa mini kai in rama maka?"

Gona ta kaure da dariya. Wani ya faɗi ƙasa yana bugun ciki. Dattijo ya kawar da kai, kunya ta ishe shi, tsakanina da shi ba mu taɓa yin haka ba. Na ci gaba har sai da na ga sun gaji, suna share hawaye. Sannan na miƙe na ce haka marigayi Baba Tanko ya koya mana a yi wa shanun da suka ga fari, duk wanda bai sani ba ya tambaya. Allah ya gafarta mini, ya gafarta wa Baba Tanko.

Dariya ta riga ta ƙare a cikinsu. Malam Sale ya sunkuya da bayan nan nasa mai ciwo, ya kai bakinsa kunnen bijimin.

"Auta. Ka gaji ko?"

Na ga leɓensa yana motsi, amsar tana so ta fito, ya danne ta. Ya jira. Jama'a suka yi tsit, su ma suna jira, ba su san me suke jira ba. Ɗanladi ya fara warware igiya. Sai fuuu.

"Na ji. Taho mu je."

Auta ya jingina wuya a karkiya, Dattijo ya ɗauka, garma ta nutse, baƙar ƙasa ta fara kifewa gefe biyu. Ina riƙe da garma, daɗi ya cika ni. Muka kai ƙarshen gona muka juyo. Wani shaƙiyyi daga cikin taron ya kwaikwayi muryar, "Ka gaji ko?" Malam Sale ya juya, ya cika ƙirji da iska zai yi aradu, sai ya ga kunnen Auta ya motsa. Ya haɗiye. Ya matsa kusa da mutumin, ya ce masa cikin raɗa, da taushi kamar mai rarrashin jariri, "In na gama huɗar nan za ka gane kurenka." Haka ya yini, umarni da raɗa, zagi da raɗa. Ɗanladi ya naɗe igiyarsa ya bi hanyar nan da ba ta zuwa ko'ina.

Abin da ya faru da yamma Asabe ce ta gani, don tana gidan ta je karɓo rariya. Malam Sale ya shigo, ya ɗaure Auta, ya ga Talatu a bakin murhu tana tuƙa tuwo. Bakinsa ya yini a kan hanya ɗaya, sai ya ji ya ce, "Talatu, kin gaji ko?" Ya buɗe baki zai amsa, ya rufe. Ya tsaya.

Talatu ta waiga bayanta ta ga ko bijimin ne ya kwance. Ba kowa. Ta dubi mijinta, ta ga da gaske jira yake yi. Sai ta ajiye muciya ta amsa. Ta faro tun daga ranar da ya tafi birni. Yadda ta zare jinkar ɗakinta kaɗan-kaɗan ta ba bijimin har tana ganin sama daga kan gado. Yadda kwanukan aurenta suka tafi ɗaya bayan ɗaya suka dawo dusa. Yadda take dama kunu ta ba yara, ta zuba wa Auta a ƙwarya, ita ta lashe ludayi, don ta san in babu shi babu damina. Yadda tsoro yake kama ta, ba wanda za ta faɗa wa sai shi, shi kuwa ba ya katse ta. Tuwo ya ƙone har hayaƙi ya tashi, babu wanda ya kula. Malam Sale yana zaune a kan turmi, bai ce uffan ba har aka kira magariba. Sannan ya ce, "Na ji."

Asabe ta dawo babu rariya, idanunta sun yi ja, tana dariya kuma. Ta ce da Malam ya fita alwala, Talatu ta share fuska ta ce mata, "Shekara da shekaru ina jiran tambayar nan, sai da sa ya riga ni samu. Amma ba komai, ai ni na koyar."

Da safe ina gyara igiya na ji an yi sallama a hankali, har na ɗauka baƙo ne. Malam Sale ne. Ya zauna kusa da ni, ya daɗe yana murza bakin karkiya da yatsa.

"Haladu," ya ce, "ashe ba jinin shanuna ba ne. Kunun Talatu ne."

Tausayinsa ya kama ni. Muka kora shanu gona, don akwai sauran gefen gyaɗa. Na ɗora karkiya, na ɗaura garma. Babu 'yan kallo ranar, babu mahauci. Ya sunkuya ya yi tambayarsa a kunnen Auta, muka tsaya, ni da shi da Dattijo, muna jiran amsa.